Kafin ka zuba kuɗi a injin jifan besbol ko sofbol, fara auna filinka

Ni dai kafaɗata ce ta kai ni ga sayen injin nan. Yarona yana ɗan shekara 9 ya shiga ƙungiyar besbol ta unguwarmu nan Maryland a Amurka, ni kuma mutumin Zariya da na taso da tamaula a fili ban taɓa riƙe irin ƙwallon nan ba sai da girma, kullum da yamma in na dawo aiki sai ya ɗauko bokitin ƙwallaye ya tsaya min a ƙofa wai Baba zo ka jefo min. Jifa 60, 70 a rana, rabi ma ba sa zuwa inda ya kamata, wani ya bugi ƙasa wani ya wuce ta bayan kansa, sati uku da farawa ko riga zan sa sai na cije leɓe. Maman yara ce ta ce min tunda akwai inji me ya sa zaka kashe kanka. Toh daga nan na shiga harkar, na yi asarar kuɗi sau ɗaya, na sake saya, yanzu ga ƙanwarsa ita ma ta shiga sofbol, shi ya sa duk wanda ya kira ni cikin 'yan uwa yana tambaya wanne zai saya sai in ga maganar ta fi ƙarfin waya.

Abin da kowa yake fara tambaya shi ne gudu, mil nawa yake jefawa a awa. Ni kuma abin da nake fara tambayar mutum shi ne ina zaka kafa shi, ƙafa nawa ne tsawon wurin. Domin mai bugu ba ruwansa da lambar da aka rubuta a jikin kwali, abin da yake ji a jikinsa shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin fitowar ƙwallo da isowarta gabansa, kuma lokacin nan nisa da gudu ne suke haɗuwa su ba da shi. A wasan manya, daga sakandare har MLB, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 60 ne da inci 6. Yaran Little League, wato gasar ƙananan yara, 'yan 12 zuwa ƙasa ƙafa 46, akwai na tsakiya mai ƙafa 50. Sofbol ta 'yan mata kuma ƙafa 35 ga 'yan 10 zuwa ƙasa, 40 ga 'yan 12, sai 43 daga nan har jami'a. Jifan mil 90 a filin manya yana isowa cikin ƙasa da rabin sakan, ƙiftawar ido kenan.

Lissafin ba wuya, ka ɗauki gudun injin ka ninka da nisan da yaro yake wasa a ƙungiyarsu, sai ka raba da nisan da kake da shi a gida. Misali yarona a ƙafa 46 suke wasa, bayan gidanmu kuma abin da zan iya samu ƙafa 35 ne kacal kafin in ci karo da shinge, to inji mai jefa mil 45 in na kafa shi a ƙafa 35, sai ya zama 45 sau 46 raba 35, kusan mil 59 kenan a wajen lokaci, wanda yaran ajinsu ma kaɗan ne masu jefa haka. Kaga ashe ban da buƙatar inji mai mil 90 ko kaɗan. Haka nan jifan mil 70 daga ƙafa 46 daidai yake da mil 92 a filin manya, shi ya sa in kana kallon babbar gasar Little League da ake yi a garin Williamsport a talabijin zaka ga suna sa lamba biyu a gefen allo. Amma kar ka ɗauki lissafin nan kamar aya, lokaci kawai yake daidaitawa, ƙwallo mai gudun gaske tana ratsa gaban mai bugu da sauri fiye da wadda aka matso da ita kusa, kuma yadda take gangarowa ma daban ne. Ga yaro ɗan firamare bambancin bai taka kara ya karya ba, ga ɗan sakandare mai neman gurbi a jami'a kam sai an ba shi cikakken nisa da cikakken gudu.

Wannan lissafin ne ma wasu masu sayar da injina masu araha suke wasa da hankalin mutane da shi, nan ne na faɗa. Na farkon da na saya an rubuta mil 60 ɓaro-ɓaro a kwali, sai da na kawo gida na karanta ƙananan rubutun na ga ashe da ƙwallon soso mara nauyi ake nufi kuma daga kusa, ƙwallon gaske ma ba ya ɗauka sam. Ƙafafunsa roba, duk jifa ɗaya sai ya ɗan gusa, kafin jifa goma ƙwallo ta koma tana nufin haƙarƙarin yaro. Iska ta ɗan kaɗa kuwa shikenan ƙwallon soson ta tafi gidan maƙwabta. Araha ba ta ado dai. Don haka in ka ga lambar gudu ka tambaya da wace ƙwallo aka auna, kuma gudun gaske ne ko na lissafin nisa. Kocinsu yana da ɗan radar na aljihu mai auna gudun ƙwallo irin Pocket Radar, na ara na auna injina na biyu ranar da ya iso.

Injinan kansu kala-kala ne, kuma abin ya daɗe, tun 1897 wani malamin lissafi a jami'ar Princeton mai suna Charles Hinton ya ƙera na farko, da albarushi yake harba ƙwallon kamar bindigar toka, kaga ko ba a faɗa ba 'yan wasa ba za su so tsayawa gabansa ba. Na yanzu mafi sauƙi shi ne wanda ba ya cin wuta ko kaɗan, sifirin ne da hannu, ka taka da ƙafa ka ja liba ya wurga. Louisville Slugger suna da ɗaya da ake kira Blue Flame, yana kaiwa wajen mil 45, ba nauyi, mutum ɗaya zai ɗauka da hannu ya jefa a but ɗin mota, kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli ne na ƙasa-ƙasa, kuma ƙungiyoyin yara da yawa 'yan 7 da 8 da shi suke buga wasansu na gasa ma. In yaronka bai kai 10 ba wallahi daga nan zan ce ka fara, in ma ƙungiyarsu da inji suke wasa to tambayi koci wanne ne kuma a wane saiti, ka sayi irinsa sak, magana ta ƙare. Matsalarsa sifirin yana saki da daɗewa sai an canza, kuma dole a kafe shi da ƙusoshi a ƙasa ko a ɗora masa buhun yashi in ba haka ba ya dinga tsalle.

Sai masu taya, waɗanda su ne suka cika kasuwa. Mota ce ta lantarki, irin ta cikin fanka ba ta hawa ba, take juya taya da gudu, ka saka ƙwallo ta bututu, tayar ta fizge ta ta watso. Kamfanin JUGS na jihar Oregon ne ya yi suna da su tun shekarun 1970 har wasu kowane inji suka gani sai su ce JUGS, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo. Mai taya ɗaya miƙaƙƙen jifa kawai ya iya, domin tayar ta ƙasan ƙwallo take kamawa sai ƙwallon ta fito tana juyawa baya, irin juyin da jifa mai gudu yake yi. Ga yaro mai koyon haɗa ido da hannu wannan ya wadatar har shekara 12 ko 13. Abin lura kawai in ka ƙure masa gudu juyin yana yin yawa, ƙwallon ta ƙi saukowa yadda ta hannun mutum take saukowa, yaro ya saba da ita ya je fili ya dinga bugun iska ta sama.

Mai taya biyu shi ne ake fara samun lanƙwasa. Sirrin duk a bambancin gudun tayoyin yake, in ɗaya ta fi ɗaya gudu ƙwallo za ta fito tana juyawa, iska kuma ta tura ta ɓangaren da take juyawa, in ta sama ce ta fi gudu ƙwallo ta nutse ƙasa, in ta ƙasa ce ta miƙe, in ka karkatar da kan injin gefe ta yanke dama ko hagu kamar jifan bahago. Wahalar ita ce duk lokacin da zaka canza salo sai ka kwance kan injin ka juya shi ka sake saiti ka yi jifan gwaji huɗu biyar, mai bugu yana tsaye yana kallonka, ya riga ya san abin da ke zuwa. Wani abu da ba kowa yake faɗa maka ba, kar ka sa tayoyin biyu a gudu ɗaya daidai wa daida, ƙwallon za ta fito ba ta juyawa sam sai ta dinga rawa a iska ba ka san inda za ta faɗa ba, a gudun mil 70 wannan ba abin wasa ba ne.

Mai taya uku, irin Hack Attack na kamfanin Sports Attack, shi ne zaka gani a makarantun sakandare masu hali da jami'o'i. Maɓallai uku ne kake murɗawa ka canza daga miƙaƙƙiya zuwa mai lanƙwasa ba sai ka taɓa kan injin ba, kuma mai bugu yana hango ƙwallon tun tana gangarowa cikin bututu har ta fito, wanda ni a wajena shi ne babban amfaninsa. Babban yana kaiwa mil 100, ƙaramin da suke kira Junior yana tsayawa wajen mil 70 amma an yi shi ne don a kafa shi kusa. Kuɗin nan fa dubban daloli ake magana, babban kuma nauyinsa ya haura fam 100, ba abin da zaka dinga fitarwa daga gareji kullum kai kaɗai ba ne. Na san wani ɗan uwa da ya sayi irin wannan don yaro ɗan 10, burga ta ɗebe shi, yau injin yana lulluɓe da tampol ana ɗora masa kwalaye, yaron ma ya koma ƙwallon kwando.

Akwai kuma mai hannu, Iron Mike, wanda Paul Giovagnoli ya fara ƙerawa a farkon shekarun 1950 kuma har yau a Kansas City ake yin sa. Hannun ƙarfe ne yake zagayowa a hankali ya ɗauki ƙwallo ya wurga ta sama kamar mutum, don haka mai bugu yana ganin hannun yana tahowa ya san lokacin da zai ɗaga ƙafa, a wajen koyon lokaci babu kamarsa. Kwandonsa yana cin ɗaruruwan ƙwallaye, yaro shi kaɗai zai kunna ya yi ta bugu. Sai dai ƙato ne, inda ka kafa shi nan zai zauna har ka tashi daga gidan, kuma ba ya lanƙwasa. Wuraren da ake biyan kuɗi a shiga keji na raga a yi bugu yawanci shi suke sawa. Masu aiki da iska da batir irin Zooka su ma suna nan, sun dace da wanda zai je filin gwamnati inda babu soket. Na can ƙololuwa kuma irin Trajekt Arc na wani kamfanin Kanada wanda ƙungiyoyin MLB suke amfani da shi, yana haska hoton mai jifa na gaske ƙwallon ta fito daga daidai hannunsa da irin juyinsa, wannan labari ne kawai nake ba ka, ba ni ba kai.

Maganar sofbol sai da 'yata ta fara na gane ba canza ƙwallo ne kawai ba. A sofbol ta ƙasa ake jifa, hannu ya zagaya ya saki ƙwallo daga wajen cinya, don haka ƙwallon daga ƙasa take tasowa, a besbol kuma daga sama take gangarowa. In ka ɗora ƙwallon sofbol a inji mai dogayen ƙafafu yarinya za ta saba da layin da ba za ta taɓa gani a fili ba. Injin sofbol gajerun ƙafafu gare shi, bakinsa bai fi tsayin gwiwa zuwa cinya ba. Girman ƙwallon ma daban, ta besbol kewayenta inci 9 ne da ɗan ɗori, ta sofbol inci 12 ce rawaya, ƙananan yara 'yan 10 zuwa ƙasa inci 11. In kana da namiji da mace kamar ni nemi wanda ake kira kombo, mai zuwa da ƙafafu kala biyu da bututu biyu kuma ana iya buɗa ko matse tsakanin taya. Amma ka tambaya minti nawa canjin yake ɗauka kuma ko sai da sifana, domin in aikin minti 20 ne na rantse maka bayan sati biyu ɗaya cikin yaran zai haƙura, kuma ka san rigimar da za ta biyo baya. Ka kuma tabbatar yana ɗaukar inci 11 ɗin, wasu 12 kawai suke ci.

Ƙwallaye, nan ne kuɗin da ba ka sa a lissafi ba yake fita. Ƙwallon wasa ta fata tana da ɗinki mai tudu, in taya ta kama ta kan ɗinkin daban in ta kama ta kan fata daban, shi ya sa jifa ɗaya ya zo gwiwa na gaba ya zo ƙirji, kuma tayar tana cin fatar tana tsinka zaren. Saboda haka aka yi ta roba mai ƙananan ramuka kamar ƙwallon golf, ita kam duk inda ka saita nan za ta dinga zuwa, ruwa bai dame ta sosai ba, tana shekaru. Illarta biyu, ba ta lanƙwasa kamar ta fata, sannan tana da tauri tana lotsa sandar bugu ta alminiyam ko ta fasa mai tsadar nan, kamfanoni da yawa ma in suka gane da ita aka yi bugu ba za su karɓi garanti ba. Mu abin da muke yi akwai tsohuwar sanda da muka ware don inji kawai, ta wasa tana cikin jaka. Tsaka-tsaki akwai ta fata mai kwantaccen ɗinki da aka yi musamman don inji, ta fi tsada amma ga ɗan sakandare ita ce daidai. Ko wacce ka zaɓa ka sayi dozin uku zuwa huɗu iri ɗaya lokaci ɗaya, kar ka gauraya tsofaffi da sababbi ko na roba da na fata a bokiti guda, kuma jiƙaƙƙiyar ƙwallo kar ta shiga inji, santsi take yi ta fita inda ta ga dama.

Wa zai dinga saka ƙwallon? Wannan tambayar ka yi wa kanka ita tsakani da Allah. In kai ne, kuma ka san aikin dare kake yi ko tuƙi kake sai ƙarfe tara ka shigo, to injin zai zauna ne. Akwai abin zuba ƙwallo mai sakin ɗaya bayan ɗaya duk bayan 'yan sakanni, wasu injinan da shi suke zuwa wasu sai ka saya daban, ka duba ko na kamfanin zai hau naka. Ni dai na fi son saka wa da hannu in ina gida, saboda babban aibin inji mai taya shi ne ba shi da jiki, ƙwallo kawai take fitowa fat ba sanarwa, alhali a fili yaro yana karanta mai jifa tun daga ɗaga ƙafarsa. Sai in ɗaga ƙwallon sama ya gani, in sauke hannu a hankali da salo ɗaya kullum in saka, na sofbol kuma in zagaya hannu kamar mai jifa kafin in saka. Kuma in bar 'yan sakanni tsakanin jifa da jifa, domin duk ƙwallon da ta wuce tana rage wa tayar gudu sai ta ɗan farfaɗo, masu ƙaramar mota sun fi daɗewa kafin su dawo, in ka yi gaggawa na biyun zai zo a sanyaye ya faɗi ƙasa. Wannan ma hanya ce ta gane inji mai kyau in ka je gwaji, jefa goma a jere ka ga ko suna faɗawa wuri ɗaya.

Wuta kuma, yawancinsu na soket ɗin Amurka ne mai 110 zuwa 120. In fili zaka kai shi sai ƙaramin janareta irin mai inbata ɗin nan mara ƙara, ko batir in injin yana karɓa, ka duba takardarsa ka ga wat nawa suka ce. Doguwar waya siririya tana rage masa ƙarfi tana kuma zafafa motar, sayi mai kauri. Masu niyyar sa shi a kwantena su aika gida don wata makaranta ko ƙungiya, tunda ana ɗan taɓa besbol da sofbol a Najeriya da Gana, ku tuna wutarmu 220 zuwa 240 ce, ka cusa shi kai tsaye ka ji ƙauri. Ko dai ka nemi kamfanin su ba ka na 220 tun daga farko, wasu suna yi, ko ka haɗa da tiransifoma mai rage wuta da sitabilaiza. Ni da za a tambaye ni mai sifirin ɗin nan zan ce a aika guda biyu da sifirin na canji da buhun ƙwallaye, ba ruwansa da NEPA, in ya lalace ma mai walda zai iya duba shi.

Kar ka kashe kuɗinka duka a inji ka manta raga. Cikakken keji na manya tsawonsa ƙafa 70 ne, faɗi 12 zuwa 14, tsayi 12, na yara da na sofbol ana yin 55 ko ƙasa da haka. Ni na yi wata guda ba raga ina cewa ai yaro ne ina ƙarfinsa yake, ranar da ya sami ɗaya a tsakiyar sanda gilashin tagar kicin ɗinmu ne ya biya, Allah ya sa ba na maƙwabci ba ne kuma ba kowa a wajen wanke-wanke. In unguwarku tana da ƙungiyar masu gidaje mai dokoki ka tambaye su kafin ka kafa ƙarafa. Sannan kai mai saka ƙwallo kana buƙatar taka kariyar, ragar nan mai tsayawa a gaban inji, ƙwallon da aka buga tana iya dawowa da gudun da ya fi wanda ta tafi da shi kuma kai kana ƙafa 35 ne hannunka cikin bokiti. Hular kwano dole ce ga mai bugu ko da ƙwallon soso ce, don ya saba. Duk lokacin da ka kunna inji ko ka taɓa saiti, yaro ya koma gefe tukuna ka jefa uku huɗu babu kowa a wurin. Ƙananan yara kuma a nesa da taya, tana ci gaba da juyawa ko bayan an kashe, yatsa ko bakin mayafi in ya shiga sai dai wani labarin. 'Yan uwanmu na Bronx a New York da ke zaune a bene ba tsakar gida, gaskiya ku kar ku sayi babban inji, kuɗin ku biya a keji na haya awa ɗaya a sati, a gida kuma ƙaramin mai jefa 'yan ƙwallayen roba masu huji ya isa a yi a falo in maman yara ta yarda.

Na hannu ba laifi ba ne, nawa na yanzu ma na hannu ne, mai taya ɗaya kombo, a Facebook Marketplace na gani wajen wani bawan Allah da yaransa suka girma. Injinan kirki ƙarfe ne da mota, suna daɗewa sosai. Ana samu kuma a shagunan Play It Again Sports masu sayar da kayan wasa na hannu, lokacin da ya fi araha shi ne ƙarshen kaka in an gama wasanni mutane suna share gareji. In ka je ka tafi da ƙwallayenka, a kunna a gabanka, ka saurari motar daga ƙaramin gudu har ƙarshe, in tana gurnani ko injin yana karkarwa to ko boris ya tafi ko taya ta karkace. Shafa tayar ka ji, in ta yi sulɓi kamar gilashi ko ta tsattsage sai an canza, ka duba kuɗin sabuwa a waya tun kana tsaye a wurin ka cire daga farashin, in kamfanin ma ya daina yin kayan gyaransa ka yi sallama ka tafi. Masu tayar iska akwai adadin iskar da aka rubuta, raguwa kaɗan tana canza jifa, musamman da sanyi, don haka ma'aunin iska ya zauna cikin bokitin ƙwallaye. In tayar ta tara dattin roba ɗan samfefa ake gogawa a hankali, injin a kashe an zare waya.

Da ka kawo shi gida kar ka saita shi tsakiya ka bar shi nan wata da watanni. Yaro zai dinga fasa ƙwallo kana jin daɗi kana ɗaukar bidiyo kana tura wa dangi, ya je fili ɗan ajinsu ya jefo masa ɗaya a hankali ɗaya da gudu ya rikice. Ni nakan yi bugu goma a ciki kusa da jiki, goma a waje, goma ƙasa, in matsar da yaron gaba taku biyu in mayar da shi baya taku biyu ba tare da na taɓa injin ba, wani lokacin in ce kar ya buga ya tsaya kawai ya faɗa min wacce ce mai kyau wacce ce ta fita. In hannunsa ya gaji mu tsaya, bugu 40 zuwa 50 masu kyau sun ishe shi a yini. Sai in kwantar da kan injin in harba musu ta ƙasa su yi ta tarewa, in ɗaga shi sama su koyi cafe ta sama, in zaka saya ka duba kan yana juyawa haka cikin sauƙi domin rabin amfanin injin a nan yake. Ranar Asabar kuma har yanzu nakan jefa musu 15 ko 20 da hannuna don kar su manta yadda ta mutum take zuwa, kafaɗar tana iya ɗaukar wannan.